Wa ya gaji Funakoshi? Amsa ga ɗalibin kareti da aka ce takardarsa ba ta asali ba ce

Tambaya: "Ina da bel mai ruwan ƙasa a Shotokan, ina shirin neman baƙin bel. Kwanan nan malaminmu ya cire kulob ɗinmu daga ƙungiyar da muke ciki ya kai mu wata. 'Yan wani kulob a garinmu suka ce mini duk takardar da za a ba ni yanzu ba ta asali ba ce, wai JKA kaɗai ce ta gaji Funakoshi. Malam, wane ne shugaban Shotokan na gaskiya a yau, kuma a hannun wa gadon yake?"

Ƙanena, Allah ya ba da sa'a a jarrabawar da ke gabanka. Ka kwantar da hankalinka tukuna. A yau babu mutum guda a doron ƙasa da za a nuna a ce shi ne shugaban Shotokan, kuma babu ƙungiyar da gadon Funakoshi, uban salon Shotokan, ya tattaru a hannunta ita kaɗai. JKA, wato Ƙungiyar Kareti ta Japan, babban gida ne, ina ganin girmanta, kuma ba don ita ba da wuya ni da kai mu taɓa jin sunan Shotokan. Amma wanda ya ce maka ita kaɗai ce magajiya rabin labari ya ɗauko, ya bar rabi. Zan ja maka labarin da ɗan tsawo, domin sai ka san yadda gidan ya rabu za ka iya auna inda malaminka ya kai ku.

An haifi Funakoshi Gichin a 1868 a Shuri, fadar masarautar Ryukyu da ke tsibirin Okinawa. Yana yaro Japan ta rushe masarautar ta mayar da tsibirin lardinta a 1879. Sana'arsa koyarwa ce a makarantar firamare, kuma ya yi kusan shekara talatin yana yin ta. Kareti kuwa da dare ya koye shi, a gidan Asato Anko, sannan a hannun aminin Asato, wato Itosu Anko. A lokacin babu bel, babu farin kaya, babu takardar shaida, babu ƙungiya. Malami yana da 'yan ɗalibai ƙalilan, ya ba ka kata guda, wato tsararren jerin motsi, ka yi ta maimaitawa shekara da shekaru kafin ya ƙara maka wata. Itosu ne ya fara sauya wannan tsari a farkon shekarun 1900, lokacin da ya shigar da kareti makarantun Okinawa, ya tsara kata biyar masu sauƙi da ake kira Pinan domin yara. Su ne Heian ɗin da ka fara da su. Ke nan tun kafin kareti ya ƙetare teku, hannun gyara ya riga ya taɓa shi.

A 1922, yana da shekara hamsin da 'yan kai, Funakoshi ya je Tokyo ya nuna kareti a wani baje kolin wasannin motsa jiki da Ma'aikatar Ilimi ta shirya. Niyyarsa ya koma gida. Sai Kano Jigoro, wanda ya kafa judo, ya gayyace shi Kodokan, hedikwatar judo, jama'a suka nuna sha'awa, tafiya ta zama zama. Ya sha wuya a wani gidan kwanan ɗaliban Okinawa, yana shara da gadi don ya samu na biyan ɗaki. Daga judo ya aro farin kaya da bel da matakan dan, wato darajojin baƙin bel, kuma a 1924 ya ba da dan na farko ga mutum bakwai. Ɗaya daga cikinsu shi ne Otsuka Hironori, wanda bayan wasu shekaru ya ware ya kafa salon Wado-ryu. Rabuwa ta fara tun tsohon yana da sauran ƙarfinsa.

Abin da nake so ka riƙe daga wannan zamani shi ne, ta ƙofar jami'o'i kareti ya kafu a Tokyo. Keio ce ta fara buɗe kulob a 1924, sai Waseda da Takushoku da Hosei da Chuo da sauransu suka biyo baya. Kowane kulob da manyansa da ƙannensa da alfaharinsa, kuma a Japan dangantakar wanda ya riga ka shiga da wanda ya biyo bayanka ba ta ƙarewa ranar da aka gama karatu, har tsufa ake tafiya da ita. Yawancin rigingimun shugabanci da suka zo daga baya, in ka bi saiwarsu, a waɗannan kulob-kulob za ka tarar da ita.

Funakoshi ya yi magada biyu a fili, kuma duka biyun sun riga shi tafiya. Na farko Shimoda Takeshi, babban mataimakinsa, ya rasu a 1934. Na biyu ɗansa na cikinsa, Gigo, wanda wasu ke kira Yoshitaka. Gigo ne ya riƙe horo a zauren da ɗalibai suka gina wa tsohon a unguwar Zoshigaya a ƙarshen shekarun 1930, zauren da aka raɗa wa suna Shotokan saboda Shoto shi ne laƙabin da Funakoshi ke sa hannu da shi a waƙoƙinsa. Sunan gini ne ya koma sunan salo, alhali shi tsohon bai so ana raba kareti gida-gida ba. Idan ka samu hotunan Funakoshi na shekarun 1920 ka dube su da kyau: tsayuwarsa gajeriya ce, ƙugunsa a sama, ba ya buɗe ƙafa sosai. Doguwar tsayuwar nan mai nutsewa ƙasa da kake sha wa wuya, da shurin gefe mai tsawo, da shurin kewaye, a zamanin Gigo suka samu gindin zama. Tun yana yaro yake fama da tarin fuka, kuma shi ya yi ajalinsa a 1945 yana da shekara 39. A shekarar ce kuma bama-baman yaƙi suka ƙone zauren. Tsoho mai shekara kusan tamanin ya wayi gari babu ɗa magaji, babu zaure, ɗalibai da yawa sun mutu a fagen daga. A ganina nan ne mafarin duk abin da kake tambaya a kai. Da Gigo ya rayu, da wuya wani ɗan Keio ko ɗan Takushoku ya ɗaga murya a gabansa.

Bayan yaƙi waɗanda suka tsira suka tattaru, a 1949 suka kafa Nihon Karate Kyokai, wadda duniya ta sani da JKA. Aka ba Funakoshi matsayin babban malami na girmamawa, tsofaffin ɗaliban jami'o'i irin su Obata Isao na Keio suka riƙe muƙamai, aikin horo na yau da kullum kuma ya faɗa hannun Nakayama Masatoshi. Nakayama ɗan Takushoku ne, ya shiga jami'ar a 1932, ya yi shekaru a ƙasar Sin, ya dawo a 1946. Ba a jima ba ra'ayi ya bambanta. Manyan Keio da Waseda mutane ne masu ayyukansu, suna ganin kareti hanya ce ta tarbiyya da bai kamata a mayar sana'a ba. Mutanen Takushoku kuwa suna son malamai na cikakken lokaci masu albashi, da hedikwata, da gasa. A farkon shekarun 1950 Obata da wasu manya suka janye jikinsu, JKA ta zama kusan gidan Takushoku.

Dole a ba Nakayama haƙƙinsa, domin abin da ya gina babu kamarsa a tarihin kareti. A 1956 ya buɗe kwas na horar da malamai a hedikwatar da ke Yotsuya, inda ake zaɓo gwanaye daga cikin waɗanda suka gama jami'a, a yi ta gasa su safe da rana kafin a ce sun isa su koyar. Cikin rukunin farko akwai Kanazawa Hirokazu da Mikami Takayuki. Ya tsara manhaja guda, yadda naushin da ake koyarwa a Tokyo shi ne za a koyar a Landan. Funakoshi kata goma sha biyar ya ɗauka a matsayin ginshiƙi, amma a hannun JKA suka kai ashirin da shida, wasunsu ma daga Mabuni Kenwa, wanda ya kafa Shito-ryu, aka koyo su. Sannan ya tsara dokokin gasa. A watan Afrilun 1957 gwamnatin Japan ta amince da JKA a hukumance, a watan Oktoba kuma aka yi gasar farko ta ƙasa baki ɗaya, Kanazawa ya lashe kumite, wato karawar mutum biyu, da karyayyen hannu. Saboda haka in za a faɗi gaskiya, karetin da muke yi a yau gini ne na mutum uku aƙalla: harsashin Funakoshi, tsayuwar Gigo, tsarin Nakayama.

Funakoshi bai ga wannan gasa ba. Ya rasu ranar 26 ga Afrilu, 1957, bai bar wani da kowa ya yarda shi ne magaji ba. Har jana'izarsa sai da ta zama abin jayayya kan wanda zai shirya ta, kuma daga nan aka raba gari tsakanin JKA da Shotokai, ƙungiyar su Egami Shigeru da Hironishi. Egami ya yi horo kafaɗa da kafaɗa da Gigo, kuma har ya rasu a 1981 bai yarda da gasa ba, yana ganin ta saɓa wa koyarwar malaminsa. Shotokai ce ta kafa dutsen tunawa da Funakoshi a haikalin Engakuji da ke Kamakura a 1968, wanda aka sassaƙa wa kalmarsa cewa a kareti ba a fara kai hari. Ga kuma Oshima Tsutomu, ɗan Waseda da ya tafi Amurka a 1955. Ƙungiyarsa ba ta ba da matakin da ya wuce dan biyar, domin iyakar abin da Funakoshi ya taɓa ba wani ke nan. Waɗannan mutane a gaban tsohon suka durƙusa, ba labarinsa suka ji ba, kuma ba su cikin JKA. To da wane baki za a ce ba su da gado?

Abin da JKA ta fi kowa shi ne fita duniya. A 1961 Nishiyama Hidetaka ya sauka Los Angeles, Okazaki Teruyuki ya sauka Philadelphia, Kanazawa ya tafi Hawaii. A 1965 aka tura Kase Taiji da Kanazawa da Enoeda Keinosuke da Shirai Hiroshi rangadi har Afirka ta Kudu da Turai. Enoeda ya zauna Ingila, Shirai ya zauna Italiya, Kase ya ƙare a Faransa, daga baya Ochi Hideo ya riƙe Jamus. A nahiyarmu, Okamoto Hideki ya zauna Masar tun shekarun 1970 ya shuka abin da ya sa ƙasar ta zama gagarabadau, har Feryal Abdelaziz ta ciyo mata zinare a gasar Olamfik ta Tokyo. Sai dai wannan nasara ita ce ta ɗauko matsala a goye. Mutumin da ya yi shekara ashirin a wata ƙasa, ya tara dubban ɗalibai da guminsa, ba zai ci gaba da jiran izinin wani ofis a Tokyo kan wanda zai ba dan da kuɗin da zai aika ba. Cikin waɗannan malamai, Kanazawa ne babba na farko da ya fita. Sun rabu da JKA a 1977, ya kafa ƙungiyarsa, SKIF, a 1978, kuma duk wanda ya san kareti ya san cewa a lokacin babu sunan da ya fi nasa a Shotokan.

Muddin Nakayama na raye, girmansa ya riƙe sauran. Ya rasu a watan Afrilun 1987, shi ma bai bar magajin da kowa ya sallama wa ba. A nan sai ka fahimci yadda ake mulkin JKA. Kujeru biyu ne a sama. Akwai shugaban ƙungiya, wanda yawanci ɗan siyasa ne ko attajiri, shi ke riƙe da rajista da kuɗi da hulɗa da gwamnati. Akwai kuma babban malami, wanda yake riƙe da horo da jarrabawa tare da majalisar manyan malamai. Zuwa 1990 gidan ya tsage biyu. Ɓangare guda yana bayan attajiri Nakahara Nobuyuki, tare da Sugiura Motokuni da Ueki Masaaki da Tanaka Masahiko da Osaka Yoshiharu. Ɗayan yana bayan ɗan siyasa Matsuno Raizo, tare da Asai Tetsuhiko da Abe Keigo da Yahara Mikio da Kagawa Masao. Kowanne ya ce shi ne JKA, kowanne yana ba da takarda da sunan JKA, kowanne yana shirya gasarsa. Aka yi kusan shekara goma ana shari'a, sai a watan Yunin 1999 Kotun Ƙolin Japan ta tabbatar wa ɓangaren Nakahara.

Ka lura da abin da kotu ta yanke, domin a nan abokan gardamarka suke tuntuɓe. Alƙalai sun duba wane ɓangare ne yake da halaccin tafiyar da ƙungiyar da amfani da sunanta bisa dokar ƙasa. Ba su sa kowa ya yi kata a gabansu ba, kuma ba huruminsu ba ne su ce ilimin wane ya fi na wane. Ranar da hukuncin ya fito, Asai bai manta da abin da ya koya ba. Waɗanda suka rasa sunan suka kafa nasu gidajen: Abe ya kafa JSKA, Yahara ya kafa KWF, Asai ya kafa JKS a 2000, wadda Kagawa ya ci gaba da jagorantar horonta bayan rasuwar Asai a 2006. Rabuwar kuma ba ta tsaya nan ba. Da Enoeda ya rasu a 2003, babbar ƙungiyar Shotokan ta Birtaniya, KUGB, ta raba hanya da Tokyo. A 2007 ISKF, ƙungiyar Okazaki, ta fita daga JKA. Okazaki fa ya yi karatu a gaban Funakoshi da kansa, kuma yana cikin waɗanda suka taya Nakayama tsara kwas ɗin malamai. Idan fita daga JKA na soke gado, to an soke na wanda ya taya gina ɗakin da ake raba gadon a ciki, kuma wannan magana ba ta shiga hankali.

Kada ka ɗauka wannan ciwon Shotokan ne kaɗai. Miyagi Chojun na Goju-ryu ya rasu a 1953, manyan ɗalibansa suka kama hanyoyi daban-daban. Mabuni ya rasu a 1952, 'ya'yansa biyu, Kenei da Kenzo, kowa ya ja nasa reshen. Wado-ryu ta rabu gida uku. Oyama na Kyokushin ya rasu a 1994 ya bar wasiyya, kotu ta ƙi amincewa da ita, ƙungiyar ta tarwatse.

Ruwa ba ya tsami banza. Abin da na fahimta shi ne, biyayyar ɗalibin kareti ga mutum take, ba ga ofis ba. Kana jure wa tsawar malaminka ne saboda ka ga abin da jikinsa ke iyawa, kuma shi ya ɗora ka. Ranar da ya rasu, wanda zai hau kujerarsa sa'anka ne, tare kuka sha duka, wataƙila ma ka taɓa kayar da shi a gasa. Wasu gidajen sun nemi maganin wannan ta hanyar jini: Kanazawa ya miƙa wa ɗansa Nobuaki ragamar SKIF tun yana raye, shekaru kafin rasuwarsa a 2019, ya kuma ɗora Murakami Manabu a kan horo. ISKF ma ɗan gidan Okazaki ne ya gaje shi. JKA kuwa ta tsaya kan naɗi ta hanyar hukumarta: Sugiura ya riƙe kujerar babban malami, Ueki ya karɓa a 2010. Ni ban damu da jini ne ko naɗi ba. Abin da nake dubawa shi ne ko babba ya yi jarumtar nuna magaji tun yana da lafiya, ya zaunar da shi a gefensa, ya sa sauran manya suka saba da ganinsa a can. Abin da Kanazawa ya yi ke nan, kuma shi ne abin da bai samu ba a 1957 da 1987. Wannan darasi ya shafe mu kai tsaye, domin yawancin kulob-kulob ɗinmu a wuyan mutum ɗaya suke rataye, ranar da aka yi masa canjin wurin aiki ko ya kwanta ciwo, shi ke nan yara sun watse.

To mene ne gadon, in ba suna ba ne? A wurinmu idan mutum ya ce shi malami ne, ba sunan ƙungiyarsa ake fara tambaya ba. Ana tambaya a gaban wa ya durƙusa, wa ya ba shi ijaza, shi wancan kuma daga wa ya karɓo, sannan a buɗe littafi a ce bismillah, karanta mu ji. Haka kareti yake. Akwai salsala, akwai kuma abin da jiki zai nuna. Gadon yana cikin kihon, wato motsin tushe, da ake maimaitawa har ƙugu ya koyi tura naushi, yana cikin kata da fahimtar abin da kowane motsi ke nufi idan akwai abokin gaba a gabanka, yana cikin kumite da ake tsayar da naushi dab da fata alhali da an sake shi da ya gama magana. Yana kuma cikin ƙa'idoji biyar da ake karantawa a ƙarshen horo: gyaran hali, riƙon gaskiya, naci, ladabi, da kame kai daga zafin rai. Rataye hoton Funakoshi a bango ba ya cikin sharuɗɗan. A inda nake koyarwa ba ma rusuna wa hoto, kuma hakan bai rage komai daga abin da muka karɓo ba.

Bambancin da ke tsakanin manyan gidajen nan, in ka shiga ciki, bai kai yadda ake kururuta shi ba. JKA ta fi tsayawa kan manhajar Nakayama. SKIF ta ƙara jerin darussan kumite masu lamba, ta ƙara wasu kata daga waje, kuma ana ganin tasirin tai chi da Kanazawa ya daɗe yana yi a yadda suke kula da numfashi. Akwai kata biyu, Gojushiho Dai da Gojushiho Sho, waɗanda sunan da JKA ke kiran ɗaya shi SKIF ke kiran ɗayar. JKS tana da kata Junro guda biyar da Asai ya tsara, masu yawan juyi da sakin gaɓoɓi. Amma Heian Heian ce, Tekki Tekki ce, kuma ɗan kowane gida zai shiga sahun ɗayan ya bi horo ba tare da ya ɓata ba.

Akwai wani ruɗani kuma da ya kamata in warware maka. Ƙungiyar salo daban, hukumar wasanni daban. JKA da SKIF da JKS ƙungiyoyin salo ne, aikinsu manhaja da ba da dan. Wakiltar ƙasa kuwa a hannun hukumar kareti ta ƙasa yake, wadda ke ƙarƙashin UFAK a Afirka da WKF a duniya, kuma WKF ce kwamitin Olamfik ya amince da ita. A can ɗan Shotokan da ɗan Goju-ryu da ɗan Shito-ryu tabarma guda suke hawa. Dokokin ma sun bambanta. A gasar JKA ta gargajiya ana neman ippon ne, bugu guda cikakke da ke yanke wasa, a WKF kuwa maki ake tarawa. Duk da haka su biyun sun yi tarayya a kan kame bugu. Ka tuna wasan ƙarshe na maza masu nauyi a gasar Olamfik ta Tokyo a 2021, inda Tareg Hamedi na Saudiyya ya shuri Sajjad Ganjzadeh na Iran har ya suma, aka soke Hamedi aka ba wanda ya suma zinare. Idan burinka ka sa rigar ƙasa, abin tambaya shi ne ko kulob ɗinku yana da rajista da hukumar jiha da ta ƙasa, ba ko yana JKA ba.

Ban ce kowace takarda daidai take da kowace ba, kuma a nan ne nake jin ciwon abin. Yawan rabuwar nan ya buɗe ƙofa ga masu cin kasuwa. Mutum zai yi baƙin bel na farko, ya samu saɓani da malaminsa, ya buɗe ƙungiya mai dogon suna, ya naɗa kansa dan takwas, ya buga takardu masu tambarin damisa, alamar Shotokan, ya riƙa sayar wa yaran da iyayensu suka yi gumi kafin su haɗa kuɗin. Akwai kuma ƙungiyoyin da za ka tura musu kuɗi ta intanet su turo maka mataki ba su taɓa ganin tsayuwarka ba. Ka auna da wannan: Nakayama, da duk abin da ya gina, yana dan tara ya rasu, sai bayan mutuwarsa aka ba shi na goma. A manyan gidajen, shekarun jira tsakanin mataki da mataki ƙaruwa suke yi yayin da ake hawa, shi ya sa ba ka ganin dan bakwai ko takwas sai a kan masu furfura. Matashi ɗan shekara talatin da ke kiran kansa dan takwas ya riga ya ba ka amsa.

Saboda haka ga abin da za ka yi. Ka samu malaminka shi kaɗai, ba a gaban ɗalibai ba, ka gaishe shi yadda ya kamata, ka ce kana son sanin salsalarku domin in an tambaye ka ka iya faɗa. Wa ya ba shi dan ɗinsa, a wace shekara, kuma shi wancan ɗalibin wane ne? Malami na gaskiya daɗin wannan tambaya yake ji, zai ma ba ka labarin da ba ka nema ba. Ka tambayi ko har yanzu akwai wanda yake gyara masa, ko yana fita kwas, domin malamin da ya daina zama ɗalibi a nan karatunsa ya tsaya. Ka tambayi wa zai zauna a teburin jarrabawarka, ko sabuwar ƙungiyar ta ba shi izinin ba da dan, ko za a shigar da sunanka rajistar hedikwata a ba ka lamba, da nawa ne kuɗin jarrabawa, nawa ne na rajista. Dalilin sauya ƙungiyar ma kana iya tambaya cikin ladabi. Sau da yawa dalilin mai kyau ne: tsadar kuɗin da ake aikawa waje, ko rashin mai zuwa ya yi jarrabawa, ko kuma malamin malaminka ne ya koma can shi ya bi shi. Wanda zai sa ka yi hattara shi ne wanda ya sauya gida yau, gobe ya wayi gari da ƙarin dan biyu.

Game da bel ɗinka na yanzu, matakan da ke ƙasa da baƙin bel malamai na gida ne ke ba da su, kuma sabon gida kan duba ka ne ya ajiye ka inda ka dace. Baƙin bel shi ne wanda ƙungiya ke rubutawa da sunanta. Idan wata rana ka so komawa JKA ko wani gidan, za su iya neman ka sake tsayawa gaban masu jarrabawarsu, wannan kuma haƙƙinsu ne, ba cin fuska ba ne. In dai sabuwar ƙungiyarku tana da salsalar da za a bi har zuwa ɗaya daga cikin mutanen da na lissafa maka, ka ci gaba da shirinka. A yawancin gidajen Shotokan, mai neman dan na farko daga cikin Bassai Dai da Kanku Dai da Empi da Jion zai fitar da katarsa, kuma masu jarrabawa na iya juyowa su ce ya yi kowace Heian ko Tekki Shodan ba tare da sun sanar da shi tun farko ba.